Mariƙin Ɓangarenka

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara maka basira a karatun da ka je nema. Mu nan lafiya lau. Inna na fama da gwiwarta kamar kullum, amma bakinta garau yake. Matata kuwa har yanzu takan zuba abincin mutum biyu in za ta aiko shago, sai ta tuna ta rage.

Maganar da ka aiko ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka ce in injin lanƙwasa kwanon rufi ya gagare ni ni kaɗai, za ka ajiye karatun ka dawo. Ka san halinsa, mariƙi biyu ne, ɗaya a kowane ƙarshe, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan tafiyarka na gwada masu taya ni, wani ya fizga, wani ya tsaya duba waya, kwano ya yi ta lalacewa. Da Inna ta ji maganarka, cewa ta yi in rubuto maka injin ya ƙi, wai ai ba ƙarya ba ce. Ni ma abin da zuciyata ke so ke nan.

Sai dai hannuna ya ƙi zama. Na shimfiɗa doguwar sandar ƙarfe a bayan injin, na haɗa ta da mariƙan biyu da gajerun sanduna masu gaɓa, yadda in na ɗaga nawa naka zai bi. Gwajin farko kwanon ya fito a murɗe. Na sake awo, na rage tsawo, na ƙara, duk a banza. Ina zaune ina hararar injin sai na tuna faɗan da nake maka kullum, cewa ba ka ɗagawa sai na riga ka. Ashe wannan ɗan jinkirin ne ke ba kwanon damar zama daidai kafin ya lanƙwashe. Sai na tsawaita ramin ƙusar ɓangarenka, don ta yi 'yar tafiya kafin ta ja mariƙin. Wato nawarka na zauna na ƙera da ƙarfe. Kada kanka ya kumbura, malalaci.

Yanzu indararo na fita sambal. Ban cire mariƙinka ba, tsumman da ka naɗa masa ma yana nan. In na ɗaga nawa, sai naka ya ɗan dakata, sannan ya tashi shi kaɗai, babu kowa a wurin. Ranar farko har na buɗe baki zan ce maka ka yi sauri. Injin ya samu madadinka, Auta, ni ban samu ba. Shagon ya yi mini faɗi, kuma ina kewarka ƙwarai.

To ga gaskiyar da ka nema: aiki na tafiya, kada ka dawo saboda shi. Ka zauna ka gama abin da ya kai ka, sannu ba ta hana zuwa. Inna ba ta san na faɗa maka ba, zan sha faɗanta in ta ji.

Ka gaida Kawu da ya ba ka masauki, da iyalinsa duka. Inna da matata da ƙanwarmu suna gaishe ka. Amsa kuma ba sai ka yi gaggawa ba, na saba in ɗaga in jira ka.

Naka har kullum,
Yayanka.