Ni na kashe wa taubashina wasannin shagonsa, ƙanwata ake ce wa mai farar ƙafa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, ko harafin farko kada a bari. Na san halinku a nan, kafin mutum ya rufe baki kun riga kun jefa shi wuta, to ku daure ku kai ƙarshe tukuna. Wanda bai taɓa haɗiye wulaƙanci yana dariyar dole ba ya riƙe wa'azinsa, ni shawara na zo nema.

Ni mutumin Gazawa ne. Na yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi, na dawo gida aiki bai samu ba, na kafa tebur a bakin tasha ina gyaran salula. Ina da taubashi, ɗan gwaggona, bari in kira shi Lawwali. Kun san wasan ɗan mace da ɗan namiji, a zage ka ka rama, ba fushi. To shi nasa wasan da dafi yake zuwa. Tun yana ƙarami ya gudu daga lakol, makarantar boko ke nan, ya shiga fataucin iyaka, Allah ya buɗa masa, daga nan bakinsa ya ƙara tsawo. Ya sayo ordinatar biyu na hannu daga Katsina ya buɗe shagon wasa, samari na cika suna buga ƙwallo da tseren mota. Wa ya haɗa masa su? Ni. Wa ya gane cewa kat girafik ɗin da ke ciki, wato abin da ke zana hoton wasa a fuskar na'ura, tsoho ne, sai an nemo masa pilot na zamaninsa? Ni. Pilot shi ne ɗan shirin da ke sa ordinatar da kat ɗin su ji maganar juna, in bai dace ba wasa ba ya tashi. Na sha wahala kafin in samo wanda ya dace, na kuma toshe hanyar da na'urar ke sabunta kanta don kada ta jawo sabo ta ɓata aiki. Ko sannu bai ce mini ba.

Sai ga maganar aurensa da ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira ta Barira. Auren zumunci ne, kuma suna son juna, ban ƙi ba ko kaɗan. Ranar ɗaurin aure, jama'a sun cika ƙofar gidanmu, har abokaina na Maradi sun zo, sai Lawwali ya jawo maroƙi ya raɗa masa magana a kunne. Maroƙi ya ɗaga murya: "Ina injiniya mai gyaran tocila? Ina wanda ya tahi Maradi da biro ya komo da sukurdireba? Ango ya ce bawanshi ya matso a ba shi goro!" Wuri ya kwashe da dariya, har da uban yarinyar da nake nema, yana dariya yana share hawaye. Ni ma na yi dariyar, ya zan yi? Da na kai ƙara wajen mahaifinmu sai ya ce, "Kai, wasan taubashi na. Wanda ya yi hushi shi ya hwaɗi." Shi ke nan. Wato a yanka ka, in ka yi ƙara kai ne marar tarbiyya. Wace irin al'ada ce wannan da ta ba mutum wuƙa ta hana wanda aka soka cewa wayyo?

Washegarin kai amarya, ango na ɗaki ana ta hidima, ya aiko mini da makullin shago in duba masa na'urori kafin ya koma aiki. Ko a saƙon sai da ya ce a kai wa bawansa. Na shiga da rana tsaka, na zauna, na cire pilot ɗin da ya dace na ɗora sabo wanda bai san da tsohon kat irin nasa ba. Na bar guntayen tsohon a ciki don su riƙa karo da juna, na kuma buɗe hanyar sabuntawa, yadda ko an gyara, da zarar an haɗa da intanet abin zai dawo. Duka biyun na yi wa haka. Wallahi a lokacin daɗi na ji har cikin raina. Niyyata ya ɗan sha wuya, ya zo teburina da ƙafarsa a gaban mutanen tasha, ya kira ni da sunana na yanka ya roƙe ni. Abin da nake so ke nan kawai. Ya yi yawa?

Da ya buɗe shago, na'ura na kunnuwa lafiya, waƙa na yi, fim na yi, amma a danna wasa sai fuska ta yi baƙi, ta ɗan yi tsam, ta dawo inda take. Wani lokaci ɗan rubutu ya fito da faransanci yana cewa pilot bai dace ba, shi kuwa bai iya karantawa, sai ya danna ya kawar. Ya canza waya, ya zargi kuran, wato wutar lantarki, ya tayar da gurup, injin wutarsa, ya hure ƙura, ya goge wasannin ya sake zubawa, duk a banza. Samari suka watse suka koma kallon ƙwallo wani wuri. Ya zo wajena kuwa, amma kun san yadda ya zo? Daga kan babur, ko sauka bai yi ba, ya ce, "Kai mai tocila, taho ka ga aikin banzan da ka yi mani." A gaban kowa. Na bi shi, na zauna gaban na'urar, gyaran na kan yatsuna: a tashe ta a yanayin da ba ta loda komai sai dole, a share pilot ɗin kakaf da guntayensa, a mayar da tsohon, a sake toshe sabuntawa. Tsohon ma yana cikin kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinatar, a aljihuna. Amma zuciya ta ci ni. Na ɗan danna nan na danna can, na miƙe na ce, "Ni ban ga komi ba. Na'urarka lahiyarta lau."

Wannan maganar ita ta kashe ni. Gwaggo, uwar Lawwali, mace ce da ko kaza ta mutu sai ta nemo wanda ya jawo. Da ta ji sai ta tafa hannu ta ce, "To kun ji. Wanta na ciki ɗaya, mai karatun abin, ya ce ƙarhe lahiya lau. Biyu rana guda, kuma kwana guda da shigowar yarinya? Wanga ba lalacewa ba ta, ƙahwa ta." Daga ranar Barira ta zama mai farar ƙafa, wadda in ta shiga gida arziki ke fita. Ɗiyar ɗan'uwanta fa! Ta hana ta taka ƙofar shago, ta hana ta taɓa buhun hatsi, akuya ta yi ɓari aka ce ita ce, babur ya yi faci a hanyar Gangara aka ce ita ce. Shi kuma sakaran mijin, mai bakin zagin mutane a taro, gaban uwarsa ko tari bai iya yi. Na tsane shi a kan wannan fiye da maganar maroƙi, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban huce ba. Kada wani ya ce mini in tausaya masa.

Za ku ce me ya hana ni lallaɓawa in gyara tun a lokacin? Na yi niyya. Sau da yawa ina tashi da kile a aljihu, sai in hango shi yana wa wani labarin mai tocila, in juya. Ina cewa gobe, gobe, ai maganar tsofaffi ce za ta wuce. Ban san gwaggo ta riga ni ba. A satin nan ta sa aka maido Barira gidanmu, wai ta zo ta huta. Ta faɗa wa mahaifinmu a fili: "Yaya, ba saki ba na. A bari mu gani. In abin ya tashi ba ta gidan, to mun san inda matsala take, kowa ya haƙura." Mahaifinmu ya sunkuyar da kai, bai iya musu da ƙanwarsa.

Kun ga ramin da na gina? An ce a gina shi gajere, ni nawa ban ma faɗa ciki ba, ƙanwata ce a ciki. In na gyara yanzu, wasa ya tashi Barira ba ta gidan, na sa hannu a kan cewa mai farar ƙafa ce, kuma a garin nan wannan suna ba ya wankuwa, ko ta fita babu mai ɗaukarta. In na bari, ba a maida ta. Kuma ana wata ga wata: Lawwali ya kira wani mai gyara daga Maradi, zai zo ranar kasuwa mai zuwa. Duk wanda ya san aikin, yana karanta ɗan rubutun nan zai gane, kafin shayi ya tafasa ya gama. Zai karɓi ladansa ya hau mota, ba ruwansa da wanda ya ɓata, gwaggo kuwa ta yi guɗa. In kuma na fito na ce ni ne, mahaifinmu na iya ɗaga mini hannu, zumuncin gida biyu ya tsage, Lawwali ya samu abin da zai zage ni da shi har kabari, kuma wa ya tabbatar mini gwaggo ba za ta ce ƙarya na shirya don in wanke ƙanwata ba? Ni da bakina na ce na'ura lafiyarta lau.

Jiya da la'asar na shiga gida na tarar da Barira zaune bakin rijiya, ta ɗora ƙafa kan gwiwa tana kallon tafinta. Ta rame. Da ta gan ni ta yi sauri ta rufe da zane, sannan ta ce, "Yaya, kai ka yi karatu, kuma kai ba ka yi mani ƙarya. Ka duba da kyau kuwa? Don in ni ta, gara in sani, kada in koma in ƙarasa shi." Na ce mata zan sake dubawa. Ta ce Allah ya saka mini da alheri.

Kile ɗin na aljihuna, ranar kasuwa na matsowa, kuma har yau in na tuna muryar maroƙin nan jinina tafasa yake. Ku zage ni in kun ga dama, na riga ku. Amma bayan zagin ku faɗa mini: me zan yi?