Ladanin da Ambaliya Ta Raba da Maganinsa

Malama Rohani, don Allah ki taimake ni. Abin nan ya fi ƙarfina, kuma ba ni da bakin faɗa wa kowa a ƙauyenmu.

Ni ne ladanin wani masallaci kusa da Rantau Panjang, tun gemuna yana baƙi. Ina da ciwon daji, ya shiga ƙashin bayana. Likita ta ɗora ni a kan mofin, wani maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, safe da yamma, kuma wallahi da shi nake iya tsayuwa in kira salla. Daga ni sai matata Che Esah muka san zancen.

Sai ga ambaliyar bana. Kin dai san halinta, kafin ka naɗe tabarma ruwa ya kai gwiwa. Da jirgin ceto ya zo kai mu makarantar firamare, na tsaya kama kaji, na manta kwalbar maganin a kan kabad. Kaji fa, Malama! Washegari da hantsi ana layin shinkafa da kifi, sai hamma ta taso mini. Hanci na zuba, ga gumi ga sanyi, tsigar jiki na tashi, ciki na murɗawa, ina ta zaryar banɗaki riƙe da zanena. Kuma a aji ɗaya da rabin ƙauye. Mutanenmu kuwa sun san wannan alama, sun gan ta a jikin 'ya'yansu. Da kunnena na ji Mek Jarah mai shayi tana ce wa mata, ashe mai korar 'yan ƙwaya daga bayan masallaci shi ma ɗan hannu ne. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ji na yi kamar in nutse.

Da ruwa ya janye, limaminmu Wan Daud ya zo har gida, ya ce in ɗan huta da kiran salla. Bai ƙara komai ba, ai ba sai ya ƙara ba. Tun ranar ban sake taɓa maganin ba. Gumin da sanyin sun wuce, amma ciwon ya dawo da ƙarfinsa, ko ruku'u ba na iyawa. Che Esah ta ce taurin kaina ne zai kashe ni kafin dajin. In na ji kiran salla da muryar wani, sai in juya fuskata bango. Ki faɗa mini gaskiya, ɗan ƙwaya ne ni? In ba shi ba ne, me ya sa jikina ya yi irin nasu?

Ladani mai jin kunya, Kelantan

Baba, sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

A abin da ka bayyana, kai ba ɗan ƙwaya ba ne. Jikinka ne ya saba da magani. Ko waye ya daɗe yana shan mofin aka yanke masa rana ɗaya, haka jikinsa zai yi, ko da liman ne. Wannan sabo ne. Jaraba kuwa daban take: mutum ya riƙa ƙara wa kansa fiye da abin da likita ta ce, ya sha don jin daɗi ba don ciwo ba, ya yi ƙarya don ya samu, yana ganin abin na rusa shi amma ya kasa bari. Ka auna kanka da waɗannan tsakaninka da Allah. In ka ga ɗaya, ka faɗa wa likita, shi ma ciwo ne mai magani. Amma ni dai ban taɓa jin mai jaraba da ya manta kwalbarsa saboda kaji ba.

Sai dai kai ma da naka. Maganar Mek Jarah ba ta yi daɗi ba, amma mutanen da ƙwaya ta cinye wa 'ya'ya dole su tsorata. Ka ɓoye musu ciwonka, suka ga abin da suka gani, suka cike sauran da kansu.

Ka koma asibiti cikin makon nan. Kada ka ɗauki tsohuwar kwalbar ka sha yadda ka saba, jikinka ya sauka daga wancan awo, zai iya yi maka illa babba. Likita ce za ta sake auna maka. Ka kuma tambaye ta yadda za ka yi in ruwa ya sake raba ku da gida.

Sannan ka je wurin liman, ka kira ciwon da sunansa, ka kira maganin da sunansa. Wataƙila ya maida maka kiran salla, wataƙila a'a, wannan ba zan yi maka alkawari ba. Amma ranar Juma'a ka sha maganinka a kan lokaci, ka shiga sahun gaba da ƙafarka. Azabar da kake sha a kwance ba ta wanke sunanka a wurin kowa ba, Baba, don babu wanda ya san kana shan ta sai Che Esah.

Allah ya ba ka sauƙi, ya saka mata da alheri.

Rohani