Akwatina Daban, Nasa Daban

Zuwa ga Yayata Sumie,

Gaisuwa mai yawa daga Niigata, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Takeo da yara. Yau da safe na kunna turare a gaban hoton Mama na roƙa muku lafiya, musamman Baba da ciwon gwiwarsa, tunda sanyi yana fara sauka wajenku a Otaru kafin ya iso nan. Mu nan da sauƙi. Maigidana Shinji yana cin abinci da kansa yanzu, da hannun hagu.

Kin ce in muna waya ba na gaya miki komai sai “lafiya lau”. Gaskiyarki. To bari in fara daga ranar ɗaya ga Yuni, ranar sauya tufafi. Na baje kayan sanyi a kan tabarma ina ninkewa, na fito da na zafi, littafina a kife kusa da ni ina leƙawa jifa-jifa. Ina cikin gwada shuɗiyar rigar da na saya don tafiyarmu wajenku, sai waya ta yi ƙara. Shugaban aikinsu ne, ya ce kada in tsorata, Shinji ya faɗi a masana'anta, a gaban injin goge cokula. Da wannan rigar na je asibiti, takardar kanti na lilo a wuyanta. Likita ya ce jijiya ce ta toshe a kansa, ɓarin dama ya shanye. Mutum mai shekara talatin da huɗu, Yaya.

Kin san yadda na ɗauki tafiyar nan. Tun ƙanƙara ba ta narke ba nake shiri. Ranar da aka fara sayar da tikitin jirgin ruwa na saya mana mai rahusa, wanda ba a mayarwa, a ɗakin tabarma na kowa da kowa. Na zaɓi makon da ya gabaci hutun Obon, kafin mutane su yi cincirindo zuwa gaida kaburbura komai ya yi tsada. Shinji ya yi ta tsokanata. Ya ce, “Uwar littattafai, ke fa so kike ki tsaya a bakin jirgi iska na kaɗa gashinki, ni kuma ina gefe ina amai a leda.” Na ce ko aman ne ya yi shi da kyau, kada ya kunyata ni a gaban mutane. Tun aurenmu ban ga Baba ba, kuma ina so in kai Shinji kabarin Mama ya zuba ruwa da hannunsa.

Ranar tafiyar yana asibiti ana koya masa tsayuwa. Bakinsa bai saki ba sosai, amma ya ce in tafi ni kaɗai, kada tikiti ya tashi a banza. Na ce masa zan je cefane. Tashar jirgi na je, na tsaya a bayan shinge da tsakar rana har jirgin ya fita. Da na dawo ya dubi hannuna ya ga babu leda.

Ba zan ɓoye miki ba, ba Shinjin da kika sani ba ne kullum. Wata rana ya yi jifa da kwanon miya don na hura masa. Wata rana kuma dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ya taɓa ganina ina karatu a gefen gado ya ce, “A littattafanki miji mutuwa yake yi a shafin ƙarshe, matar ta yi kuka mai kyau. Ni na ƙi mutuwa, na ɓata miki labari. Yi haƙuri, ranki ya daɗe.” Na yi dariya a gabansa, sauran na ƙarasa a banɗaki. A duk littattafan da na karanta ban ga inda ake wankin zanen gado ba.

An sallame shi a tsakiyar Satumba. Gidanmu a hawa na uku yake, sai abokan aikinsa biyu ne suka hau da shi, don haka dole mu bar gidan. Mahaifiyarsa, Inna Fusae, ta zo daga ƙauye ta ce za ta tafi da shi gidanta a cikin duwatsu kafin ƙanƙara ta rufe hanya. A lokacin ne takardarki ta zo. Na karanta ta sau da yawa: ɗakin da kika gyara mini a saman shagonku, aikin da Takeo ya ce zai ba ni, Baba da yake tambaya kullum. Har inda kika ce shekarata ashirin da bakwai kuma babu ɗa tsakaninmu. Ban ji haushi ba. Ina son in zo, Yaya. Har na zaɓi littattafan da zan jera a tagar ɗakin.

Shekaranjiya, ɗaya ga Oktoba, aka sauya tufafi zuwa na kaka. Kin san a gidan Inna kayan miji da na mata a akwati ɗaya ake adana su, ita ta koya mini hakan da na zo amarya, ta ce ba a raba su sai an raba masu su. Na dawo daga karɓo magani na tarar ta gama aikin. Akwatin Shinji daban, nawa daban, ta ɗaure nawa da igiya irin ɗaurin kayan da za a aika nesa. A samansa ta ɗora riga mai auduga da ta ɗinka da hannunta. Ta ce, “'Yata, an ce sanyin Otaru ba shi da kunya.” Sai ta durƙusa, tsohuwa da ita, ta kai goshinta tabarma ta yi mini godiyar wahalar da na yi. Ba ta ce in tafi ba. Ba ta kuma ɗago ba sai da na kama kafaɗarta.

Na shiga ɗaki na ga Shinji zaune a bakin gado cikin kwat ɗinsa ta ulu, gumi na zuba, alhali rana na dukan taga. Tun fitata yake fama da maɓallai da hannu ɗaya. Ya ce, “Kin gani? Ni na sa da kaina. Ba na buƙatar kowa, je ki sha iskarki ta bakin jirgi.” Maɓallin farko a rami na biyu yake, kwat ɗin duk ta karkace, kwala ɗaya na taɓa masa kunne. Daga baya Inna ta gaya mini tun ranar da ya ga takardarki a kan tebur yake gwadawa in na fita, ya hana ta taimaka. Na ce masa ya yi kyau. Ya ce, “Ƙarya kike, kamar buhun shinkafa nake.” Na zauna kusa da shi, ban gyara masa ba, haka muka zauna har shayin da Inna ta kawo ya huce.

Ban sani ba ko wannan shi ne son da nake karantawa. Babu daɗi a cikinsa. Ƙauyen ba shi da teku, ba shi da kantin littattafai, dare na yi da wuri. Zan koyi tashi da asuba in hura murhu kafin jikinsa ya sandare, in koyi shanya kayan lambu don lokacin sanyi, in koyi tuƙa motar Inna a kan ƙanƙara saboda kai shi asibiti gashin ƙashi. Ina tsoro ƙwarai. Abin da ya fi ci mini rai Baba ne, don ban san yaushe zan gan shi ba. Ki gaya masa a hankali, bayan ya ci abinci.

Ki gaida Takeo, ki yi masa godiya. Ki gaida Rin da Sota, ki ce su rubuto mini. Ki gaida Goggo Michiyo. In kin je wajen Mama ki zuba mata ruwa a madadina. Ɗakin kuma ki ba Rin, ta girma.

Ba zan zo Otaru ba, Yaya. Ranar Asabar zan bi Shinji ƙauye.

Ƙanwarki,
Chisato