Abin da Inna Take Faɗi

Ankara

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Ya jikin Inna?

A aji mun shiga wani harshe, Feceneg. Makiyaya ne mahaya dawaki a arewacin Baƙin Teku, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Harshen dangin Turkanci ne, amma masana na ta gardama: cikin rassan dangin, na Oguz yake ko na Kifcak? Ba mai raba su, don abin da ya rage sunayen ƙabilu ne da Rumawa suka rubuta, yawanci launin doki. Abin ya tsaya mini. Ya harshe ke mutuwa alhali uwaye na magana da 'ya'yansu? Kai ma, Baba, me ya sa ba ka jin Fillanci, ga Inna da ta haife ka Bafillatana?

'Yarka,
Jamilatu

Runjin Sambo, Sakkwato

Ɗiyata,

Bayan sallama. Kai, wannan tambaya taki! Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama hira da ni, kunya. Wurin Goggo Saudatu na tashi, ita ko Hausa zalla.

Ga abin mamaki. Tun bayan Sallah tsufa ya ɗauke wa Inna Hausa, Fillanci kaɗai ya rage. Kuma yanzu ne take riƙe hannuna tana ta zuba mini magana, ni ko mi? Ko ɗigo ba ni ji. Wallahi abin na ci mini rai, ga ta kullum ƙara raguwa take.

Allah shi yi miki albarka.
Junaid

Ankara

Baba,

Barka da haƙuri. Don Allah a kira Sadiya mai kawo nono ta fassara, ko ka ɗauka a waya. Ina ƙaguwa in ji.

Jamilatu

Runjin Sambo

Ɗiyata,

Sallama. Mun kira Sadiya. Tana shiga Inna ta ja lulluɓi ta yi gum. Sai in daga ni sai ita take magana. Waya kuwa a'a, abin da ta ɓoye shekara sittin ba ni kai wa kunnen wani.

Na koma ɗalibin Fillanci wurin wani Malam Gazali, da furfurata. Shekaranjiya na tsinci magana ɗaya: tambaya take ko na ci abinci. Kafin in haɗa amsa barci ya ɗauke ta. Yau na riƙe amsar a baki, zan shiga da ita.

Ki sa mu addu'a.
Babanki