Hanyar Kai Zisis Gida

Atina, watan Nuwamba

Yaya Argiro,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da awakinki da wannan gwiwa taki mai sanar da zuwan hadari. Na buga miki waya har hannuna ya gaji, ina ihu kina cewa "wa ke magana?", sai da maƙwabta suka leƙo suna zaton gobara ce. To ga takarda, ita ba ruwanta da nauyin kunne.

Ki zauna kafin ki karanta. Mutanen maƙabarta sun aiko. Shekara ukun da suka ba mu aron kabarin mijinki Zisis ta cika, ƙarshen watan gobe za su tone shi. Kin san nan ba ƙauye ba ne, matattu ma layi suke bi. In ɗan'uwan mamaci ya zo, a wanke ƙasusuwan a miƙa masa. In ba kowa, sai su juye su a ramin gayya, daga nan kuwa ba mai sake rarrabe Zisis da wani. Sun ce matarsa ko ɗansa kaɗai ke iya sa hannu. Ɗanki Stelyos yana tsakiyar teku a jirgin dakon mai sai bazara. Ni tun da na zame a banɗaki aka sa mini ƙarfe a ƙugu, da sanduna biyu nake zuwa kicin. Saura ke.

Kada ma ki ambaci jirgin ruwa. Iskar da ta tsare shi ta hana ki zuwa jana'izar, ita ce dai za ta sake tsare shi bana. Stelyos ya sa an yanka miki tikitin jirgin sama.

Yanzu ki natsu. In kin sauka, ki bi mutanen da kuka sauka tare, kada ki tsaya kallon rufi. Duk wanda ya matso ya ce zai kai ki gari a motarsa, ki nuna kunnenki ki wuce, ga ranar da kurumtarki za ta yi amfani. Ki nemi allo mai hoton jirgin ƙasa. Za ki hau matakala mai tafiya da kanta, ki ɗora ƙafa ki tsaya cak, ita ta san aikinta. Ki tsallaka wata doguwar gada mai gilashi. Ki sayi tikiti, ki cusa shi a bakin ƙaramar na'ura ta buga masa hatimi, in ba haka ba tara za a ci ki. Jirgin da ke da shuɗin layi za ki shiga. Da farko a sarari yake tafiya, can sai ya nutse ƙarƙashin ƙasa, kada ki yi kururuwa. Ki riƙa karanta sunayen tashoshi a bango har ki ga AMBELOKIPI. In kin fito, ki ɗaga kai, zan rataya jan bargo a baranda.

Jakarki a gaba, ba a baya ba. Kuma don Allah kada ki kawo cuku, ya ishe mu a nan.

Taki ƙanwa,
Kaliopi

*

Karpatos, watan Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Kaliopi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya ɗora miki ƙugun nan lafiya. Takardarki ta iso.

Zan zo. Ko da rarrafe ne zan zo, Zisis ba zai shiga ramin gayya ina numfashi ba. Mutumin da ya bar gidan nan da 'yar jakarsa ya ce in ajiye masa miyar wake, mako ɗaya za a yi masa aikin ya dawo. Amma ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da girgizar ƙasa ta tsaga mana bango. Na karanta bayaninki har na haddace shi. Jiya na gwada tsayuwa cak a kan matakalar coci, Fada, limamin cocin, ya fito ya tambaye ni ko jiri nake ji.

Zuwan ma da sauƙi. Dawowar ce ta hana ni sukuni, kuma ba ki ce komai a kanta ba. Ko zaman birni ya mantar da ke yadda ake kawo mamaci gida? A kowace mararraba, da kowace gada, da duk inda za a tsallake ruwa, sai an kira sunansa an gaya masa inda aka nufa, in ba haka ba ƙashi ya iso, shi kuwa a bar shi a hanya. Haka Inna ta yi wa Baba tun daga bakin teku har ƙofar coci, kina riƙe da zanenta.

To gaya mini, a cikin wannan rami naku na jirgin ƙasa, yaya zan san mun zo mararraba? Hanyoyi suna gittawa a bisa kaina ban gan su ba. Kin kuwa san halinsa. Ko a kasuwa muka rabu ba ya tambayar kowa hanya, tsayawa yake a inda na bar shi, hularsa a hannu, har in dawo.

Sannan an ce a filin jirgi ana raba mutum da kayansa. Gaskiya ne? Ke da kika taɓa hawa, yaya suke yi?

Cuku na riga na naɗe shi.

Yayarki mai ƙaunarki,
Argiro

*

Atina, watan Disamba

Yaya,

Na gaishe ki. Na yi dariya har ɗinkina ya yi zafi. Mararraba! Baiwar Allah, Atina gaba ɗayanta mararraba ce. In kika ce kowacce sai kin kira shi, muryarki za ta ƙare kafin ki bar unguwarmu. Ni na bar waɗannan abubuwa a tsibirinmu na Karpatos tun ranar da na bar shi, kuma shekara arba'in ke nan ban yi kewarsu ba. Mamaci yana hannun Allah, ba ya buƙatar ɗan jagora.

Amma na san ki, in kin kafe ko jaki ya sallama miki. Akwai bas da ke bi ta bakin titinmu har ƙofar filin jirgi, a sarari yake tafiya, ga taga. Ya fi jirgin ƙasa jinkiri, sai ki fita da wuri. Ki zauna gaba ki yi ta kiranki, dama garin cike yake da masu magana su kaɗai.

Batun kaya, na tambayi Rena, 'yar maƙwabciyata da ke sayar da kofi a can. Ta ce akwatin ƙarfen da za a zuba ƙasusuwan a ciki ƙarami ne, kada ki yarda a tura shi cikin manyan kaya, ki riƙe abinki da takardar izinin maƙabarta. Wuri ɗaya ne dole ki sake shi: za a ɗora shi a kan bel mai tafiya ya wuce ta cikin na'urar bincike, ki karɓe shi a ɗaya gefen. Kada ki yi kokawa da ma'aikata. Daga nan ki duba lambar ƙofarki a tikiti. Ta ce wani lokaci sukan canja ƙofa su faɗa a lasifika, ke kuwa ba ji za ki yi ba, don haka idonki ya zauna a kan allon. Kada ki ɗauke shi ko Zisis ne ya yi miki magana.

Sai kin zo. Bargon yana nan.

Kaliopi

*

Karpatos, watan Janairu

Zuwa ga ƙanwata Kaliopi,

Bayan gaisuwa. Na gode da ɗawainiya, da gadonki da kika bar mini, da zaman da kika yi cikin tasi a ƙofar maƙabarta kina jira in gama wanke shi da ruwan inabi. Na san kin ga takardar Fada cewa na iso lafiya. Ni ce na kasa rubutu, don ban iso lafiya ba.

Bari in faro daga inda kika daina hango ni. Na samu kujerar gaba, akwatin a cinyata. Mararrabar farko na ce, "Zisis, dama za mu yi, gida za mu." Na zaci a hankali na faɗa, sai na ga duk bas ɗin ya juyo. Wasu 'yan mata suka toshe baki. Direban, wani ƙato mai gashin baki, ya yi mini magana, na nuna kunnena. Ya ɗaga murya har na ji: "Kaka, da wa kike faɗa tun da safe?" Na ce da mijina. Ya ce, "Ina yake, ko ya tsere ta taga?" Na ɗaga akwatin.

Sai ya yi alamar gicciye. Daga nan duk mararrabar da muka tunkara sai ya ɗaga mini yatsa tun daga nesa, in gada ce ya ɗaga biyu. Da muryata ta fara dushewa, wata mata a bayana ta dafa kafaɗata ta karɓa. Ban san sunanta ba, amma ta kira mijina kamar ta san shi. Ko ɗaya ba mu tsallake ba, Kaliopi.

A wurin na'urar ne gabana ya yanke ya faɗi. Ba ki gaya mini tana da baƙin labule ba. Na ɗora shi, bel ya ja shi cikin duhu shi kaɗai, ni kuma aka tsayar da ni ana shafa mini jiki saboda makullan da ke aljihuna. Na ƙwace na ruga ɗaya gefen ina ihu, "Zisis, nan nake, fito!" Yarinyar da ke kallon allon na'urar ta miƙe tsaye, ta karanta takardar izinin, ta miƙo mini shi da hannu biyu. Na rungume shi na ce, "Tsaya kusa da ni, kada ka motsa."

Wannan ce magana ta ƙarshe da na yi masa.

Na zauna na kafa wa allon ido yadda kika ce. Can sai lambar ƙofar ta juya ta zama wata. Na duba, mutanen da ke zaune tare da ni duk sun watse. Na kwasa da gudu, na bi ta shagon turare, na sauka wata matakala, na sha kwana ban san iyaka ba, ni ce ta ƙarshe da aka shigar motar da ke kai mutane bakin jirgi. Da jirgin ya tashi iska ta kama shi tana jijjigawa. Na runtse ido, na damƙe hannun wani bawan Allah har na ji masa ciwo, harshena ya mutu a bakina. Muka tsallake teku guda ban ce uffan ba. Sai da ƙafata ta taɓa ƙasar Karpatos na tuna.

An sa akwatin a ɗakin ƙasusuwa na coci kusa da na mahaifiyarsa. Kowa yana yi mini barka. Fada ya ce in kwantar da hankalina, rai ba ya ɓata a filin jirgi. Na ce to, Fada. Amma Fada bai zauna da Zisis shekara arba'in da biyar ba. Ni na ce masa kada ya motsa, kuma ba zai motsa ba. Ko ido na rufe ganinsa nake tsakanin na'urar nan da shagon turare, hularsa a hannu, masu akwatuna suna ture shi, yana duban ta inda zan ɓullo.

Ina so in koma, amma ko ƙarar jirgi na gani a sama, in ce gani don ba ji nake ba, sai in koma ɗaka in rufe ƙofa. Ki yi dariyarki, na yafe miki. Ban da wanda zan gaya wa sai ke.

Yayarki,
Argiro

*

Atina, watan Fabrairu

Yaya,

Ban yi dariya ba.

Na ja sandunana na shiga bas ɗin nan har filin jirgi. Na yi niyyar in tsaya daga bakin shinge in ƙwala masa kira, amma wurin da kika ce yana can ciki, kuma ba a barin kowa ya wuce na'urar sai mai tikiti. To na yanki tikiti zuwa Karpatos, na makon farko na azumin coci.

Kin tambaye ni yadda suke yi, ni da na taɓa hawa, na yi kamar ban gani ba. Ban taɓa hawa ba, Yaya. Duk abin da na rubuta miki daga bakin Rena na kwaso shi. Yanzu ke ce gwana. Ki rubuto mini da wuri: ta wane gefen shagon turaren, wace matakala, kuma in jirgin ya fara jijjiga me ake riƙewa. Sannan ki tuna mini, sunansa kaɗai ake kira, ko ana haɗawa da na ubansa?

Ki gyara mini gadon Inna. Ki ɗora miyar wake, ta mutum uku.

Taki,
Kaliopi