Amfilifayar da Na Haɗa Tana Tari Irin na Mahaifina

Malam Umaru, ka taɓa kashe na'ura, ka zare wayarta daga bango da hannunka, amma ta ci gaba da fitar da sauti? In ba ka taɓa ba, to kada ka yi mini dariya, kai da masu karanta wannan fili naka. Taimako nake nema. Na gaji da masu ce mini Allah ya sawwaƙe suna ja da baya kamar ina ɗauke da cuta.

Ni mai gyaran rediyo da sifika ne a Kwanar Dangora. Ban yi makaranta mai nisa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Abin da na sani da idona na karanto shi, a waya da tsofaffin littattafan da ake shimfiɗawa a bakin titi. Ina da aboki, Nazifi, mai kaɗa jita a wuraren biki daga Kiru har Tudun Wada. Kullum kukansa ɗaya, wai amfilifayoyin kasuwa, wato na'urorin ƙara sauti, suna busar masa da sauti, in ya ƙara murya sai ka ji kamar ana yaga kwanon rufi. Na ce zan haɗa masa irin ta da, mai bawul, wato kwalaben gilashin nan masu kama da ƙwan fitila da ke cikin rediyon mutanen da.

To ina zan same su? Mahaifina, Malam Buba, Allah ya jiƙansa, ya rasu da daminar nan a Riruwai. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin kuza, kuma tun zamanin yake da wata ƙatuwar rediyon katako wadda ta mutu kafin a haife ni. Ƙyalle yake rufa mata, ba ya yarda a taɓa. Da aka gama zaman makoki na kwance bayanta na zare bawul ɗin. Rediyon da ɓeraye suka mayar ɗakin haihuwa! Wa na cuta?

Kuma wallahi aikin ya yi kyau, ko maƙiyi zai faɗa. Ƙaramin bawul na sa a gaba, shi ke karɓar sautin jita ya ba shi kama. Babba yana baya yana tura sifika. Littattafai sun ce a sa manya biyu su riƙa karɓa-karɓa don a sami ƙarfi, ni ɗaya nake da shi, kuma ɗayan ya fi mini zaƙi. In Nazifi ya taɓa tsirkiya a hankali sauti ya fito garau, in ya danna sai ya yi ɗan gurnani mai daɗi. Akwai bawul na uku, shi ke shirya wutar da ke shiga, in an buga da ƙarfi sai ya ɗan lafa sannan ya dawo, kamar ƙirjin mutum. Akwai wani ɗan razista, ɗan mitsitsin abin nan mai rage ƙarfin wuta, a daidai inda wayar jita ke shiga, na ji yana danne mini siririn sauti, na cire shi na yar. Ranar da Nazifi ya fara gwadawa sai da direbobin tirela suka bar shayinsu suka zo bakin shago.

Sai abubuwa suka fara. Da tsakar rana ne ma, titi ya yi tsit don zafi. Na kashe ta na zare waya, amma tsirkiyar da Nazifi ya taɓa ta ci gaba da kuka ta sifika, tana raguwa kamar numfashin mai barin duniya. Daga baya da na sake kunna ta na leƙa bayanta, na ga wani shuɗin haske yana yawo a cikin babban bawul. Na ce ba komai. Wata ranar kuma, jita tana jingine da bango ba mai taɓa ta, muka ji muryar namiji can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya, tana hawa tana sauka, ba ka kama kalma ko ɗaya. Sannan ya yi gyaran murya, ya bi da ɗan gajeren tari. Malam, haka babana yake yi kafin ya yi sallama a ƙofar gida, tun da ƙurar rami ta zauna masa a ƙirji. Nazifi ya san tarin nan. Ya fita bai ɗauki jitarsa ba, har yau tana nan jingine.

Labari ya kai wa Gwaggo Furera, ƙanwar babana, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Ta hau mota daga Tudun Wada ta zo, ta tsaya gaban akwatin amfilifayar yana kunne, ta ɗaga murya ta ambaci sunan yayanta. Akwatin ya amsa mata da wani siririn kuka mai tsawo. Sai ta zauna a ƙasa cikin tarkacen wayoyi. Ta ce na taɓa kayan mamaci ba a raba gado ba, ga ƙannena mata da hakkinsu a ciki. Ta rantse ranar da dangi za su taru ƙarshen wata sai an jefa akwatin a tsohon ramin kuza da ruwa ya cika, in kuwa na ƙi, babu ita babu ni.

Yanzu duk Kwana ana cewa na ɗure aljani a kwalba. Mutanen da ba su san gaban batir da bayansa ba su ne ke yi mini fatawa! Amma bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. In shago ya watse nakan kunna ta in zauna ina jira. Wata rana ya yi tarin, wata rana bai yi ba. Ban san wanne ya fi tayar mini da tsikar jiki ba.

Ba zan iya rabuwa da Gwaggo ba, kuma hannuna ba zai iya jefa akwatin nan a ruwa ba. Kada ka kira ni a waya ka lallashe ni. A nan cikin jarida nake so ka amsa, inda ɗanta zai karanta mata, inda 'yan Kwana za su gani: wane ne yake magana a cikin akwatina?

Mai Ƙarfen Dalma, Kwanar Dangora

AMSA

Ɗana Mai Ƙarfen Dalma, Allah ya jiƙan Malam Buba, ya ba ku haƙuri. Ban yi dariya ba. Na kai wasiƙarka ga mutum biyu da suka tsufa a aikin na'urorin sauti, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Sautin da ke ci gaba bayan ka zare waya, wuta ce da kwandansa, wato 'yan rumbunan ajiye wuta, suka tara suke saki a hankali, bawul kuma bai huce ba. Wannan shi ne abin tsoro na gaske a shagonka, domin wutar da ke kwance a nan tana iya kashe mutum ko da na'urar a kashe take. Kada ka sake sa hannu ciki sai ka sauke ta ka auna. Shuɗin haske sananne ne a irin waɗannan kwalabe, sai dai in ya yi yawa a tsakiyar ƙarafan ciki, alama ce iska ta shiga, bawul ya gaji. Kukan da ya amsa wa Gwaggo kuwa, tsohon bawul in kayan cikinsa suka saki yakan zama kamar makirufo, ya ji murya ko takun ƙafa ya mayar ta sifika. Ƙwanƙwasa ƙaramin da bayan fensir za ka ji kukan nan dai. Ita kuma murya, doguwar wayar jita eriya ce, tana kamo gidan rediyo daga nesa, kuma ɗan razistan da ka yar shi ne mai tsare wannan ƙofa. Ka sami siririn sautin da kake so, ka bar ƙofa a buɗe.

Ke kuma Gwaggo Furera, ina gaishe ki da girmamawa. Yayanki yana inda Allah ya kai shi, ba ya cikin kwalba. Amma maganarki ta gado gaskiya ce tsantsa. Ɗana, ka tambaya wa ka cuta. Ko da ɓeraye sun haihu a cikinta, rediyon ta magada ce, kai ɗaya ne daga cikinsu. Sai dai jefa akwatin a rami ba ya mayar wa marayu komai, ƙara salwantar da hakkinsu ne.

Ga shawarata. Kafin ranar taro ka zare bawul ɗin ka mayar da su mazauninsu a cikin rediyon, ka kai ta gaban dangi da malamin da zai raba. Ka ba ƙannenka haƙuri da bakin nan naka mai kaifi, ka roƙa a sa ta a cikin kasonka. In sun ba ka, ka sake haɗa akwatinka da halal, ka gayyaci Gwaggo ta riƙe fensir ta ƙwanƙwasa da kanta, ka aika wa Nazifi ya zo ya ɗauki jitarsa. In sun hana, bawul ba su ƙare a duniya ba, Gwaggo kuwa guda ɗaya gare ka.

Saura tarin. Masu magana a gidan rediyo ma suna tari, kuma kunnen da ya yi rashi yana neman abin da ya saba. Iyakar abin da na sani ke nan, ban kuma ce na san komai ba. Amma yaron da ya san aikin kowane bawul ya san aikin razistan da ya cire. Ina zaton tun kafin ka rubuto ka san da zarar ka mayar da shi muryar za ta tafi, shi ya sa kake zaune kana jira maimakon ka ɗauki dalma. Wannan kewa ce, ɗana, kuma ba abin kunya ba ce. Ka je Riruwai ka tsaya a kan kabarinsa ka yi masa addu'a, ka zauna da Gwaggo ta ba ka labarinsa, ita ma tarin nan take kewa. Sannan ka dawo ka mayar da razistan, ka rufe ƙofar da hannunka.

Allah ya sanya albarka a sana'arka, ya daidaita tsakaninka da Gwaggo, ya kai haske kabarin mahaifinka.

Malam Umaru