Wanda Ya Hana Ka Tafiya Legas

Zuwa ga aminina Haliru, wanda muke kira Tsani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da jama'ar kara, kasuwar shanu, baki ɗaya. Yaya gwiwa? Mu nan Tambuwal sai godiya, ruwa ya zauna, gero ya fara rufe ƙasa.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa a shafina na intanet da kowa ke karantawa, alhali lambarka tana cikin wayata. Na sha danna ta in kashe. A waya mutum yana iya tsayawa a gaisuwa, ni kuwa shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina tsayawa a gaisuwa. Masu bin shafin nan ma ya kamata su ji, domin sun daɗe suna karanta hukuncin da nake yanke wa bayin Allah.

Ka san ban rabu da ƙwallon kwando ba, gemu ya yi fari amma hali yana nan. Wannan watan ne kasuwar 'yan wasa ke ci a Amurka. Wanda kwantiraginsa ya ƙare ba shi da ubangida, kulob-kulob su yi ta zawarcinsa, shi kuma ya zaɓi inda ya ga dama. Kusan kowace shekara sai wani babban tauraro ya tattara ya bar garin da ya yi suna, magoya baya su cinna wa rigarsa wuta. Ni kuma daga nan Tambuwal, ban taɓa taka garin ba, ban san ko da wace ƙafa ake shigarsa ba, sai in hau shafi in kira shi butulu. Makon jiya ma na yi, aka yi ta yaba mini.

Kwana biyu bayan haka na je ta'aziyya Sanyinna, na haɗu da ƙanwarka Asabe. Muka gaisa, na tambaye ta labarinka. Ta ce kana lafiya, sai dai abu ɗaya ke damunta: har yau in an ambaci mahaifinku Baba Altine shiru kake yi, kuma ka taɓa ce wa 'ya'yanka kakansu ne ya rufe maka hanya. Ta faɗa ne a matsayin kuka ga aminin yayanta, ko zan sa baki. Ba ta san wa take kai wa kukan ba.

Bari in fara daga farko, saboda masu karatu.

A makarantar kwana muka haɗu, kai daga Fakku, gidan noma da kiwo, ni daga gidan malamai a Tambuwal. Wani malami ɗan Gana ne ya kafa zoben ƙwallon kwando a jikin falwaya ya ce wannan wasa ne. Ya gan ka kana tsinko mangwaro ba tare da ka hau ba, ya miƙa maka ƙwallo. Kai da ka saba juyo da saniya da jifan hoge tun daga nesa, me zobe zai gagare ka da shi? Ni na gwada mako ɗaya, malamin ya dube ni sama da ƙasa, dubawar ba ta ɗauke shi lokaci ba, ya ba ni aikin riƙe agogo.

Mun gama makaranta a daidai lokacin da aka yanka Jihar Sakkwato, kuɗin mai yana yawo kamar ba zai ƙare ba. Kamfanoni sun cika gari suna shimfiɗa kwalta, kowane yana son a ce yana da kulob. Wani kamfanin gine-gine ya ɗauke ka shekara biyu. A takarda kai magatakardan sito ne, amma ban taɓa jin ka san inda makullin siton yake ba. Ni kuma na samu ɗan aikin akawu a birni.

Duk Asabar bayan la'asar muna fili. Ni ne sarkin ihu, ni ke ɗauko mai kalangu, ni ke tsara kirari. Mai tsaron ƙofa bai san sunana ba, abokin Tsani yake ce mini, ya buɗe. Masu tsire su ƙara mini tsinke, manyan ofis da ba sa amsa gaisuwata su tsayar da ni su tambayi lafiyarka. Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko, ni kuwa na sha har na ɗauka kaskon nawa ne.

Ina tuna ranar da baƙi suka zo suka sha gabanmu da ci ɗaya, lokaci ya kusa cika. Ka karɓi ƙwallo tun daga tsakiyar fili, ba ka ko tsaya saiti ba ka sake ta. Ta shige ba ta taɓa ƙarfe ba. Ranar har takalmina ɗaya ya ɓace, da ƙafa ɗaya a ƙasa na koma gida ina murna.

Sai shekara biyunka ta cika. Wani kulob daga Legas ya aiko mutum takanas. Sun yi maka alkawarin aiki da ɗaki, da filin katako mai rufi maimakon simintin da kuke faɗuwa a kai, da likitan 'yan wasa, kuma daga can ake zaɓen masu buga wa ƙasa. Ni ka fara nuna wa takardar, a gindin dogon yaron bakin fili. Ka ce ranar Juma'a za ka je Fakku neman albarkar Baba. Na ce Allah ya sanya alheri.

Ranar Laraba na riga ka.

Na nemi izini a ofis na ce gida ba lafiya, na shiga mota zuwa Tambuwal, na ari babur ɗin kawuna na nufi Kebbe, daga nan Fakku. Na tarar da Baba yana ba shanu kanwa. Ya shimfiɗa mini buzunsa, ya sa aka dama fura, domin a wurin mahaifina yake ɗaukar karatu duk azumi, bai taɓa kirana da suna ba sai ɗan malam.

Na fara ba shi labarin takardar kamar mai kawo albishir, kuma a haka ya karɓe ta. Ya yi dariya, ya ce ai ko makiyayi in shekararsa ta cika ba a ɗaure shi, a ba shi karsanarsa ne a sa masa albarka ya nemi gaba. Ka ji da kyau, Haliru. Kafin in buɗe baki a karo na biyu, Baba ya riga ya sake ka.

Sai na gyara zama na sassauta murya. Na ce 'yan wasan Legas a otal suke kwana, giya ce ruwan shansu, salla kuwa sai wanda ya tuna. Na ce na san mutum biyu da suka tafi da addininsu suka dawo babu. Ban san kowa ba. A lokacin ko kogin Kwara ban taɓa ƙetarewa ba. Na ƙara da roƙon kada ya ce na zo, don kada zumunci ya ɓaci.

Ya kalli shanunsa ya ce: “Ɗan malam, tunda kai kac ce, ba ni tambayar kowa. Shanu in sunka ɓace ana samun wasu. Salla fa?”

Ka je Juma'a, ka dawo Lahadi, ka ce mini Baba ya ce a'a. Bai ba ka dalili ba, kai ma ba ka tambaya ba, don ba a haka aka rene mu ba. Ka sa hannu a kan wata shekarar da kamfanin. Na ɗauko mai kalangu muka zagaya gari, ina ce wa mutane Tsani ɗan halas ne, ba ya sayar da gida. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don Sakkwato na yi. Ƙarya ne. Na ji tsoron ranar da zan zo ƙofar fili a tambaye ni sunana.

Shekarar ba ta yi rabi ba ka tashi sama ka sauko a kan tsagar siminti, gwiwa ta juya. Kamfanin ya kula da kai na ɗan lokaci, daga nan sai takardar sallama da godiya. Ba wanda ya ƙona rigar kamfani, ba wanda ya kira su butulai, cewa muka yi harka ce. Kafin wata biyu sun kawo wani dogo daga Jos, wanda shi ma barin kulob ɗinsa ya yi ya zo don an fi ba shi. Mu muka tarye shi a tasha da kiɗa, ni ne a gaba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na yaran Amurka har yau.

Abin da shekarun kallo suka koya mini, ko da yake ban yi aiki da shi ba, shi ne mu 'yan kallo muna neman amana a wurin ɗan wasa, mu kuwa ba mu ajiye masa ko ɗaya ba. Ƙarfinsa ɗan lokaci ne, damina ce guda. In ya tsaya ya karye, mu ce Allah sarki mu juya ga na gaba. In ya tafi da ƙafarsa tun tana ɗaukarsa, mu ce ya ci amana. Mu dai ranar Asabar ɗinmu muke karewa.

Da asibiti ya gaza, Baba ya sayar da bijimi ya kai ka wurin maɗori a Dogon Daji. Na zo dubiya da rana tsaka, kana ciki an ɗaure ƙafar da karare. Ka juya wa Baba baya, ni kuwa ka riƙe hannuna kana tambayata labarin fili. Da na fito ya biyo ni har gindin tsamiya, ya tambaye ni ko abin da na gaya masa na gani da idona. Na sunkuyar da kai. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi:

“To, ta tsaya tsakaninmu. Gara shi yi fushi da ni. Ni uba nike, ba shi iya yanke ni. Kai ko shina iya yanke ka, kuma yanzu ba shi da kowa sai kai.”

Na karɓi wannan rufin asiri kamar haƙƙina ne, na shige ciki na yi kwanciyata.

Sauran ka fi ni sani. Ka warke da ɗingishi, zaman Fakku ya gagare ka, ka bi motar shanu. Legas ɗin dai ka je, ba ta ƙofar da aka buɗe maka ba. Duk wanda ya dawo daga can sai ya ce mini kai ne ladanin masallacin kara, shekara da shekaru ba a taɓa riga ka ba. Garin da na rantse zai cinye maka salla ke nan.

Da Baba ya kwanta ciwon ajali ka zo, ka gaishe shi kamar baƙo, ka kwana biyu ka koma. Da ya rasu ka dawo, ranar ta'aziyya ina gefenka a kan tabarma ɗaya, kafaɗata tana taɓa taka, na yi niyyar faɗa maka gaskiya na fasa. Kowace Salla kana aiko mini da hula, ni kuma in sa in tafi idi. Ina jin kunyar hulunan nan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ban ce da ka tafi da ka zama wani abu ba. Gwiwa tana iya juyawa a kan katako ma, kuma abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure. Amma zaɓin naka ne, ka yi gumi ka same shi, ni na shiga tsakani na ɗauke. Sannan na bar ka kana jin haushin mutumin da ya yi murna da tafiyarka tun kafin ka roƙe shi.

Haliru, ɗan'uwana, ina ƙaunarka, kuma ko a wancan lokacin ina ƙaunarka, sai dai na fi ƙaunar kaina. Ba gafararka na fara nema ba, wannan sai in ka ga dama, in kuma ka share lambata ba zan ce ka zalunce ni ba. Abin da nake roƙo shi ne ka tara 'ya'yanka ka gyara musu labarin kakansu. In ƙafa ta yarda, ka zo Fakku bayan kaka ka tsaya a kan kabarinsa ka yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Asabe za ta sa a nuna maka wurin. Ba sai ka biyo ta Tambuwal ba.

Allah ya jiƙan Baba Altine, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da abin da ya ɗauka a madadina. Allah ya sassauta maka ciwon gwiwa, ya ƙara wa muryarka ƙarfi a kiran salla, ya shirya maka zuriya. Ni kuma Allah ya sa kada in tashi gabansa da wannan kaya a kaina.

Wassalam.

Naka, in har ka bar ni a haka,
Nasiru mai riƙe agogo,
Tambuwal.